Ɗigon bayan idon ƴarki da kumburin ƙafarta tushensu ɗaya ne

Wasiƙa:

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga nan Maradi. Ƴata ta biyu shekarunta 19. Wata biyar ke nan take tashi da safe fatar idonta a kumbure, daga baya kumburin ya sauka ƙafa, fitsarinta yana kumfa kamar an zuba omo, wani lokaci ya yi duhu kamar ruwan shayi. An yi analiz aka ce albimin ya yi yawa, tansiyo ma ya hau. Muka je Yamai, likitan ƙoda ya auna wani abu a jini wai shi C3, sau biyu, wata uku a tsakani, duka ya yi ƙasa. Ya tura mu wajen likitan ido alhali ba ta kuka da ido, shi kuma ya ce ya ga ɗigo-ɗigo a can bayan idon irin na tsofaffi. Yanzu suna so su soka allura su ɗebo tsokar ƙodar, Alhaji ya ce ba da ƴarsa ba. Surukata, kakar yarinyar, ta daɗe tana cewa tsakiyar ganinta ya dushe. An sa ranar aurenta bayan babbar Sallah da ɗan gwaggonta, Alhaji ya ce mu ja bakinmu kada a ce muna da ciwon dangi. Makancewa za ta yi? Gado ne? In faɗa wa gwaggon ko in bi maganar maigida?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Na lura makanta kika sa a gaban tambayoyinki, kuma duk uwar da aka ce mata an ga wani abu a idon ƴarta nan hankalinta zai tafi. Ni kuwa da na gama karanta wasiƙarki ƙodar ce ta tsaya mini a rai. Idon shaida ya bayar kawai. Likitan da ya aika a duba idon yarinyar da ba ta kuka da ido ya san abin da yake nema, ku riƙe shi da kyau.

Bari in warware miki abin da ya haɗa ƙafa da ido, yadda za ki zauna da Alhaji ki yi masa bayani da bakinki, ba sai an ɗauko takardar Faransanci ba.

A cikin jinin kowa akwai wasu sinadarai na furotin sama da 30, yawancinsu hanta ke ƙera su, aikinsu taya garkuwar jiki yaƙi da ƙwayoyin cuta. Likitoci suna kiran su a dunƙule kwamplema, ma'ana ciko, don su ke cikasa aikin sauran garkuwar. Wani ɗan Beljiyam, Jules Bordet, ya bayyana aikinsu a shekarun 1890, daga baya aka ba shi kyautar Nobel ta 1919. C3 ɗin da aka auna wa ƴarki shi ne ya fi yawa a cikinsu, kuma duk hanyar da aikin ya biyo sai ta ratsa ta kansa.

Ki ɗauke su kamar ƴan sintirin unguwa waɗanda ba sa jiran a kira su. Dare da rana wani ɗan kaso na C3 yana fashewa da kansa, ɓallin ya manne wa duk abin da ya tarar kusa, kamar mai yawo da bokitin fenti yana shafa wa kowace ƙofa alama. In alamar ta sauka kan ƙwayar cuta sai ta kira wasu, su ma su fashe su manne, kafin ki ce kwabo an lulluɓe ta, a ƙarshe a huda mata jiki ta mutu. To amma fentin nan bai san ɗan gida da baƙo ba, a kan namanmu ma yana sauka. Abin da ke tsare mu shi ne akwai masu tsawatarwa, babbansu ana ce masa Fakta H. Shi ne mai unguwa. Da ya ga alama a kan namu sai ya ce wannan ɗan gidan wane ne, shi da abokin aikinsa Fakta I su goge ta tun ba ta tara jama'a ba.

Yawancin ƙwayoyin halittar jiki suna da nasu masu gadi manne a jikinsu. Wurare biyu ne suka fi zama a fili. Ɗaya shi ne tantanin da ke tace jini a ƙoda. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, na ƙoda biyun a tsakaninsu suna tace ruwa wajen lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne. Ɗayan kuma wani siririn tantani ne a can bayan ido, ƙarƙashin shimfiɗar da ke ɗaukar hoton abin da muke gani. Duka biyun jini yana dukansu ta jijiyoyi masu ƙananan huji, kuma ba su da mai gadi na kansu, kamar rumbun da aka bari a gona. Da zagayen mai unguwa suka dogara. In Fakta H ya yi rauni, ko jiki ya ƙera wani sinadari bisa kuskure wanda ke ɗaure wa ƴan sintirin gindi har su daina jin tsawa, nan biyun ɓarnar ke fara bayyana.

A ƙoda, tarkacen C3 yana taruwa a matatar har ta lalace kamar rariyar da ta yage. Albimin, wannan da ake duba mana a awon ciki, ya riƙa zurarewa cikin fitsari, shi ne kumfar da ba ta kwanciya ko an bar fo ɗin ya jima. Jini ma ya bi, shi ne launin shayin. Jiki ya riƙe gishiri da ruwa, shi ne kumburin da igiyar takalmi ke barin sawu a kansa, shi ne kuma hawan tansiyon. A ido, irin wannan tarkacen yana taruwa ɗigo-ɗigo masu rawaya kamar an watsa tsabar gero, likitoci suna ce musu durusan. C3 na jini kuwa ya yi ƙasa ne don ana cinye shi fiye da yadda hanta ke iya maye gurbinsa.

Kada ki ga an auna sau biyu ki zaci cin kuɗi ne. Akwai wani ciwon ƙoda da ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba a wajenmu, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata, musamman ƙazwar da aka sosa ta yi ruwa. Shi ma yana zuwa da kumburi da fitsari mai duhu da ƙarancin C3, amma mai wucewa ne: cikin mako 6 zuwa 8 C3 yakan koma daidai, yawancin yara su warke sarai. In aka haura wata uku yana ƙasa, to ba baƙon da zai kwana ya wuce ba ne. A nan likitoci ke fara zargin ciwon da suke taƙaita sunansa da C3G, wanda sababbin masu kamuwa da shi ba su wuce mutum uku cikin miliyan a shekara ba. Durusan a idon mai shekara 19 yana ƙara nauyin zargin. Duk da haka akwai waɗanda ke kama da shi kuma dole a kore su: ciwon hanta nau'in B da C, ƙanjamau, da lupus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, wanda ya fi kama ƴan mata masu irin shekarunta. Ki duba takardunku, in ba a yi waɗannan ba ki tambaya.

Yanzu batun makanta. Yawancin matasan da ke da durusan irin wannan suna shafe shekaru masu yawa ganinsu garau. Kaɗan ne daga baya ke samun matsala a tsakiyar gani, kuma ko su ba duhu ne ke rufe su ruf ba, gefen gani yana nan. Yawan ɗigon ba ya nuna tsananin ciwon ƙodar, kuma ba ɗigon magani ko tozali ko tabarau da ke goge shi, kada wani ya karɓe miki jika a kan haka. Abin yi shi ne a riƙa duba bayan idon sau ɗaya a shekara, ko yadda likitan ya tsara. A gida kuma ga wata dabara da ba ta cin ko dala. Ki yago shafi ɗaya daga littafin ƴan lakkol mai gida-gida, irin wanda ake lissafi a ciki, ki ɗiga baƙin ɗigo a tsakiya, ki manna a bango inda haske yake. Sau ɗaya a mako ta tsaya kusa kamar mai karatu, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta kafa ɗayan a kan ɗigon, sannan ta sauya. In ta ga layukan sun karkace kamar igiyar shanya, ko wani gida ya ɓace, a cikin kwanakin nan za a kai ta, ba a jira ranar da aka ba ku ba. Wani lokaci sababbin jijiyoyi ne ke tsirowa a wurin suna yoyo, kuma akwai allurar da ake yi a ido ta tsayar da su in an zo da wuri.

Kaka kuwa, akwai ciwon tsakiyar ido na tsufa wanda shi ma da durusan yake farawa, kuma a 2005 bincike daban-daban a Amurka suka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gadon Fakta H yana ƙara haɗarin kamuwa da shi. Daga nan ne ma likitocin ido da na ƙoda suka ƙara fahimtar cewa gona ɗaya suke nomawa. Sai dai wannan ciwon ya fi addabar Turawa. A wajenmu tsohuwar da ganinta ya dushe, yanar ido ake fara zargi, sai hawan jinin ido da ciwon suga. Kada a ɗora wa baiwar Allah laifin ciwon jikarta alhali ko fitila ba a haska mata a ido ba. In yanar idon ce, aiki ɗaya ne ta koma ganin allurarta.

Mu dawo kan abin da ya fi gaggawa, wato ƙin da Alhaji ya yi. Na fahimce shi, kalmar a ɗebo tsokar ƙoda tana da firgitarwa, mutum sai ya zaci yanka za a yi. Ba haka ba ne. Rub da ciki za ta kwanta, a kashe zafin wurin da allura, ana kallon ƙodar a na'urar eko, a zura siririyar allura ta baya a ɗauko abin da bai fi guntun zare ba, tsawonsa santimita ɗaya ko biyu. A cikinsa matatai goma ne zuwa ashirin daga cikin miliyan. Haɗarin da ake tsoro zubar jini ne, shi ya sa sai an saukar da tansiyo tukuna, kuma za ta kwanta sa'o'i ana lura da ita. Ba tare da wannan ba, babu likitan da zai iya sa wa ciwon suna da tabbaci, sai dai ya yi ta harbi a duhu da magunguna masu ƙarfi. Kuma jinkiri yana da nasa farashin: in ƙodar ta riga ta ƙanƙance ta cika da tabo, gwajin ba ya nuna komai kuma haɗarinsa ya ƙaru.

Tambaya ɗaya ku yi kafin a taɓa ta: a ina za a karanta tsokar, kuma za a yi mata rinin da ke haska C3, wanda suke kira iminofuloresans? Madubin likita na yau da kullum shi kaɗai ba ya bambanta C3G da ƴan'uwansa. In inda kuke ba sa yi, a shirya tun farko inda za a aika da ita da irin ruwan da za a saka ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ki roƙi Alhaji ya shiga ɗakin likitan da ƙafarsa ya yi tambayoyinsa. Maza da yawa suna ƙin abu ne don a bakin mata suka ji shi.

Ba zan rufe ki ba, in ya tabbata C3G ne, ciwo ne na zama. Kusan rabin masu shi ƙodarsu kan gaza cikin shekara 10, a kai ga wankin ƙoda ko dashe, kuma sau da yawa yakan dawo a ƙodar da aka dasa, tunda tushen a jini yake. Amma rabi ɗin nan na biyu ma mutane ne, kuma abin da ake yi a gida kullum yana da hannu wajen inda mutum zai faɗa. Maganin tansiyo irin su enalapril ko losartan ba don tansiyo kaɗai ake ba da su ba, suna rage zurarewar albimin, saboda haka ba a dainawa don an ga kumburi ya saɓe. Ranar da take gudawa ko amai, musamman a zafin Afrilu, a kira likita kafin ta sha. Gishiri kada ya kai gram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen Maggi da kilishi da yaji da kanwa, don kanwa ƴar'uwar gishiri ce. Ki ɗebar mata miyarta kafin ki zuba na gida, ki ƙara mata daddawa da tafarnuwa da citta. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a tire a bakin tasha don ciwon mara, ta yi musu sallama. Jiƙo da sassaƙe kuwa, na san tuni ƴan dubiya sun fara kawowa a gora. Ki karɓa ki yi godiya, ki ajiye. Ƙodar da ke fama ba wurin gwajin abin da ba a san awonsa ba ce. Azumi ma sai da izinin likitanta.

Magungunan da ke tsawatar wa kwamplema kai tsaye sun fara fitowa. A 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da guda biyu don C3G, iptacopan da pegcetacoplan. Tsadarsu ta ɗaruruwan dubban dala ce a shekara, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Na ambace su ne don kada wani ya zo miki da labarinsu a waya ya ce zai samo miki da araha. Kuma akwai abin da ya shafe mu musamman: kwamplema ne babban makamin jiki a kan ƙwayar sanƙarau, duk wanda za a ba irin wannan magani sai an yi masa rigakafi tukuna. Mu da muke tsakiyar yankin sanƙarau, ko ba maganin, yarinyar da C3 ɗinta ke ƙasa ta cancanci a tambayi likita batun rigakafinta, kuma zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a wajenta ba na jiran gari ya waye ba ne.

Gado ne? A mafi yawan masu C3G ba a samun wani a dangi mai irinsa. Kusan ɗaya cikin huɗu ne ake gano sauyi a ƙwayoyin gadonsu, kuma ko a cikin gida ɗaya wani yana ɗauke da sauyin har ya tsufa bai yi ciwon ba. Inda auren zumunci ke shigowa shi ne idan uwa da uba duka suna ɗauke da rauni iri ɗaya suka haɗa wa ɗa. Wannan bai isa a ce a fasa aure ba, amma ya isa a ce ƴan'uwanta da shi angon kowa ya ba da fitsari a tsoma ɗan tsinken gwaji, a kuma auna musu tansiyo. Aikin minti biyar ne. Ciwon ba ya yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa, ba sammu ba ne, kuma ki lura da wani abu: angon jikan kakar nan ne shi ma. In akwai abin da za a kira ciwon dangi, to dangin nasu ne su duka, babu mai yi wa wani gori.

Sai tambayarki ta ƙarshe. Ba na goyon bayan shirun, amma ba na goyon bayan ki zagaya bayan Alhaji ki je wa ƙanwarsa da maganar. Dalilina na ƙin shirun bai tsaya ga cewa addini ya hana algus ba, ko da yake ya hana. Dalili ne na ciki da haihuwa. Enalapril da losartan suna cutar da ɗan tayi. Mycophenolate, wanda ake yawan haɗawa da su in ciwon ya yi ƙarfi, yana jawo ɓari da nakasa. Ciki a kan ƙodar da ke zubar da albimin da tansiyo a sama yana iya kai wa ga jijjiga, ya kuma ƙara durƙusar da ƙodar. Wannan ba ya nufin ba za ta haihu ba. Yana nufin sai an zaɓi lokaci, ciwon ya lafa, an sauya magunguna tun kafin a ɗauki cikin, kuma ko maganin tazarar haihuwar sai likita ya zaɓa mata, don ba kowanne ya dace da mai hawan jini ba. Ki faɗa mini yadda amarya za ta yi duk wannan a ɗakin mijin da bai san komai ba, da uwar miji da ke ƙirga watanni. Ko dai ta ɓoye magani a ƙasan akwati, ko ta daina sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma in ta fito daga baya a gadon asibiti, zumuncin da Alhaji ke son karewa shi zai fara tsagewa.

Akwai wadda ba ki ambaci ra'ayinta ba ko sau ɗaya a wasiƙarki, ita mai ciwon. Shekarunta 19, jikinta ne, aurenta ne. Ki shiga ɗakinta da dare bayan gida ya yi shiru ki tambaye ta me ta fahimta, me take tsoro, kuma wa take so ya sani. Mai yiwuwa ma ta riga ta faɗa wa yaron a waya, ƴaƴan yanzu ba sa jiran mu. Bayan nan a yi gwajin tsokar, a samu suna da tsarin magani a hannu, sannan Alhaji da kansa ya kira ƙanwarsa su zauna su biyu, ba a taron mata ba. Maganar da aka zo da ita da sakamako da shiri daban take da wadda aka zo da ita da kuka. Shi kuma yaron ya bi ku wajen likita sau ɗaya ya ji da kunnensa. In ranar da aka sa ta matso ba a gama ba, a ɗaga ta zuwa bayan girbi, ba yau aka fara ɗaga biki a Maradi ba.

Kafin ku koma Yamai, ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta tansiyonta da nauyinta sau biyu a mako, a sikeli ɗaya, da safe. Takardun analiz duka ki jera su bisa kwanan wata a jaka ɗaya, har da hoton bayan idon in sun ba ku, kuma ki ɗauke su a waya saboda hanyar ta fi kilomita 600, ba a komowa ɗauko takarda. Ki tambayi likitan adadin kireyatinin ɗinta, wato awon jinin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, ki rubuta da hannunki. In sakamakon tsokar ya fito ki sake rubuto mini, ki gaya mini kuma abin da aka gani a idon kaka.